Jirgin Kawu da Na Ƙona a Parakou

Tun da na dawo daga Parakou, mutanen majalisarmu ta bakin shago a Gwadangaji ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya ƙasar take, wancan ya ce wai da gaske na tsallaka kogi da iyaka don in gyara kayan wasan yara. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina riƙe da fankar mutane, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya, takarda zan miƙa masa.

Sana'ata naɗin koyil ce: fanka, janareta, da famfon burtsatse na manoman Zauro. Ina da kawu, yayan Innata, ana ce masa Manu. Tun yana saurayi ya bar Argungu ya tafi ƙasar da tsofaffinmu ke kira Dahomi, ya shiga aikin jirgin ƙasa, ya ƙare a matsayin mai juya wa jirage layin dogo a tashar Parakou. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ɗansa guda Issufu yana Faransa. Bara ya zame a bayan gida, ya yi wuni guda a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji shi. Tun daga ranar Inna ba ta da wata magana sai tasa.

Ana cikin haka Issufu ya kira ni. Ya ce babansa yana da ƙaramin layin dogo a kan tebur, da ƙananan jirage masu tafiya da lantarki, shekara talatin yana gina abin. Ya aika masa sabbin kayan sarrafawa na dijital, amma wata huɗu ke nan suna cikin kwali, an rasa mai haɗawa. Ya turo mini hotunan takardun, na kwana biyu ina duba su, na ga aiki ne da zan iya. Da na je Argungu sallama, Inna ta ji bayanina har ƙarshe, sannan ta ce, "Aikin wayarka bai dame ni ba. Ɗan'uwana nika so. Ka tai ka taho min da shi, kahin ɗayanmu shi riga ɗaya."

Na shiga motar Kamba da jakar kayan aiki a kan cinya. Kusa da ni Chukwudi ne, mai sayar da kayan babur a Birnin Kebbi, wanda ya fi wasu 'yan gari iya Kabanci. Malanville za shi. Ya dubi jakata ya ce, "Malam Umaru, wagga tahiya taka ta mi ta? Ba albasa, ba shinkahwa." Na gaya masa. Ya yi dariya har direba ya waiwayo. Ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan, bai taɓa ganin wanda ya bar jihar da ba ta da taku ɗaya na dogo ya tafi koya wa ma'aikacin jirgi tuƙi ba. Ban ji daɗin maganar ba.

Daga Kamba muka gangara Dole Kaina, muka shiga jirgin ruwa zuwa Lolo. Tun da aka tayar da injin Chukwudi ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Nan na rama, na tambaye shi ko shekara ashirin ɗin nan duk a haka yake tsallakawa. A ƙetare babura suka kwashe mu. A shingen shiga Benin wani jami'i ya buɗe jakata, ya zaro mitar gwajin wuta da ƙarfen dalma na like waya ya juya su, ya tambaya da Hausa mai gishirin Dandanci, yaren yankin, ko ni mai gyara ne. Na ce e. Sai ya nuna mini fankar rumfarsu, wadda ta tsaya tun watan jiya. Waya ce kawai ta kwance, amma sai da na hau kujera na sauko da ita. Na gama, fanka ta juya, mutum huɗu suka jawo kujeru ƙarƙashinta, aka miƙo mini takardata da godiya.

A Malanville Chukwudi ya kai ni gidan fatomansa, mai saukar da fatake. Ɗakin baƙi rabinsa buhunan albasa ne, rabi tabarma. Sauronsu ya fi namu na bakin gulbi naci. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har ya ɗan yanke ni a dasashi, da kofi da madara a cikin kwano, ana tsoma burodin. Na nemi kunu ko fura, aka ce sai an jima. Muka yi sallama da Chukwudi, na shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu mu tara, muka bi ta Kandi. Taya ta fashe sau ɗaya, ban da haka babu abin faɗa.

Abu biyu na fara lura da su a Parakou. 'Yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya suke sawa, da lamba a baya, ga hular kwano a kai. Na biyu, da rana ta take sai gari ya kwanta. Ofis, kanti, har wasu masu shago, kowa ya rufe ya tafi cin abinci da barci sai wajen ƙarfe uku. A Birnin Kebbi wanda ya yi haka za a ce ko ba shi da lafiya.

Kawu yana zaune bayan tasha, a gida mai ɗaki biyu. Dogo ne, siriri, da sanda, kunnensa na hagu ya yi nauyi. Na durƙusa na gaishe shi, ya kamo kafaɗata ya sunkuyo, ya ce, "Kai ɗan nan, kana warin gida." Albasar fatoma ce ta kama mini riga. Maƙwabciyarsa Maman Bake, wadda ta tsince shi ranar da ya faɗi, ita ke dafa masa. Ta kawo sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulani da suke kira wagashi, an rina bayansa ja. Na ci har na ji kunya.

Bayan mun ci na isar da saƙon Inna yadda ta ba ni, ban rage ba. Ya saurara da kunnen dama. Ya ce, "Can akwai dogo?" Na ce babu. Ya ce, "To mi za ni yi can? In zamna bakin kasuwa ina ƙidan buhun shinkahwa? Ka ce mata ina gaishe ta." Ya tashi ya buɗe ɗaki na biyu, maganar ta mutu a nan.

Teburin ya cinye ɗakin, sai ɗan lungun da mutum zai tsaya. Dogo ya zagaya sau biyu ya rarrabu, ga tasha da ya yi da kwali, ga gada, ga itatuwan mangwaro na soso, ga taragun auduga. A gabansa akwai allon katako mai abin murɗawa guda, irin na rage gudun fanka, da makunnai goma sha ɗaya a jere, kowanne da lamba. Ya kunna ya nuna mini. A tsarinsa, wutar da ke kan dogo ita ce komai. Ka murɗa, wuta ta ƙaru, jirgi ya ƙara gudu. Ka juya wutar, ya koma da baya. Duk jirgin da ke kan dogon nan umarni ɗaya yake bi, ba ka iya cewa wannan ya tafi wancan ya tsaya. Don haka Kawu ya yanyanka layin gida goma sha ɗaya, kowane yanki da makunninsa. Inda ya kashe, jirgi ya tsaya cak. Yana tafiyar da jirage biyu, hannuwansa na yawo a kan makunnai, yana buɗe gaba yana rufe baya. Sau biyu yatsansa ya yi rawa ya kuskure, jirgi ya tsaya a tsakiyar gada, ya yi tsaki.

Na buɗe kwalin Issufu na yi masa nawa bayanin. A dijital dogo cike yake da wuta kullum, ko ana tafiya ko ba a yi. Cikin wutar ake aika saƙo. Kowane kan jirgi yana da 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi katin layin wayar hannu girma ba, da lambarsa. Ka riƙe abu kamar rimot, ka kira lamba uku, uku kaɗai ya motsa, sauran suna tsaye fitilunsu a kunne. Waya biyu ta isa tebur duka, maimakon tarin da na hango a ƙarƙashi. Issufu ya haɗo da sabbin kawunan jirgi biyu masu ƙwaƙwalwar a ciki. Na ce ga mai rawar hannu wannan ya fi sauƙi, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Kawu ya juya rimot ɗin a hannu. Ya ce, "In na hwahimta, ni yanzu direba na." Na ce haka ne. Ya ce, "To wa ka tsaron hanya? Shekara talatin da ɗaya ina tasha, jirgi bai taɓa shiga yankin da ban ba shi ba. Nan ma hakanan na. Wanda ban ba wuta ba, ko shina so ba shi motsi. Naka kau, in na yi kuskure, biyu su haɗu goshi da goshi, ba abin da ka hana su." Gaskiya ya faɗa. Na ce to a bar abin mana. Ya ce a'a, yaron ya aiko, in ya kira ya ji ba a haɗa ba ransa zai ɓaci.

Washegari da safe na fara, sai ƙarfen dalmata ya ƙi shiga soket. Nasu ramuka biyu ne zagayayyu, namu uku masu kusurwa. Na yanke fulogin na cusa wayoyin tsirara da tsinken ashana, yadda muke yi a gida. Maman Bake ta shigo ta gani, ta fita ta dawo da mahaɗin soket ta ajiye a gabana. Na cire ashanata.

Abu ɗaya takardun suka nanata: tsohon kan jirgi marar ƙwaƙwalwa kada a bar shi a kan dogon dijital. Ba zai tafi ba, zai tsaya yana wani siririn kuka, koyil ɗinsa na zafi har ya ƙone. Na gaya wa Kawu da ƙarfi, ta kunnen dama. Ya kwashe tsofaffin jiragensa huɗu ya jera a kan kanta. Na ce saura? Ya ce, "Dut na kwashe abin da ag ga layi."

Na shiga ƙarƙashin tebur. Tunda dijital yana son wuta ko'ina, dole yankunan nan su zama ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce in bi makunnan ɗaya bayan ɗaya, in ga inda kowace waya ta nufa. Amma mu masu gyara a gida muna da hali, in makunni ya tsaya mana a hanya sai mu yi masa gada da waya mu wuce. Na ɗauki waya guda na bi bayan makunnan goma sha ɗaya na like su duka, cikin minti ashirin. Na fito ina kakkaɓe gwiwa, ina jin kaina.

Abin ya yi aiki. Sabbin jiragen biyu suka kunna fitila, na sa ɗaya ya zagaya, ɗaya ya ja baya a kan layi guda, har da ƙarar usur. Kawu ya karɓi rimot, ya kira lamba uku, ya tafiyar da jirgin a hankali ƙwarai, fiye da yadda tsohon tsarinsa zai iya. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ni kuma ina jin wani ɗan zuuu daga bayan tebur, na ɗauka sabon akwatin sarrafa dijital ne ke kukansa. Daidai nan Maman Bake ta kira mu abinci. Kawu ya tsayar da jiragen a tasha, ya ce a bar fitilun, yana son ya dawo ya same su a kunne. Muka ci, muka yi azahar, muka bi al'adar gari muka kwanta. Da a Gwadangaji ne, da an ɗauke wuta kafin a je ko'ina. A Parakou ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Da muka buɗe ɗakin bayan la'asar, hancina ya riga idona. Warin ƙonannen koyil ba ya ɓoye mini, shi nake shaƙa kullum a shago. Na zare fulogi. Kawu ya bi lungu da sandarsa har ƙarshen tebur, inda wata 'yar rumfar kwali take, wadda na ɗauka ado ce. Ya ɗaga rufinta, ya yaye wani ɗan ƙyalle mai ɗinkin hannu. Baƙin kan jirgi ne a ciki, irin mai hayaƙi na da, a kan guntun layinsa. Yankin makunni na goma sha ɗaya ke nan.

Daga baya na ji tarihinsa. Shi ne na farko da ya mallaka, shugaban tashar da ya koya masa aiki ya bar masa. Tsohuwa yake ce masa. Marigayiya matarsa ce ta ɗinka ƙyallen. Sau ɗaya a mako yake ba rumfar wuta, ran Juma'a, Tsohuwa ta zagaya sau uku ta koma. A lissafinsa ba ta kan layi, tunda makunninta a kashe yake, kuma shekara talatin abin da ya kashe a kashe yake. Makunnin kuwa yana nan a kashe yadda ya bar shi. Wayata ce ta bi ta bayansa.

Ya ɗauke ta da hannu biyu, har lokacin da ɗumi. Ya kai ta hanci, ya sauke. Na so ya zage ni, bai yi ba. Ya ce, "Ba ka tambayi inda ta sha ɗaya ta nuhwa ba." Na ce ban tambaya ba, Kawu. Ya ce, "Ni ma ban hwaɗi ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba a kan aiki.

Na roƙe shi ya bar ni in buɗe. Jikin bai narke ba, koyil ne ya yi baƙi ƙirin. Na ce ana iya sake naɗa shi, amma wayar ta fi gashi siranta, kuma irinta da madubin da nake aiki da shi suna shagona. In ya yarda in tafi da ita, in na gama in aiko ta hannun Chukwudi. Ya nannaɗe ta cikin ƙyallen yana kallon tebur. Can ya ce, "Ba ta taɓa kwana inda ba ni ba. Kwana nawa aikin?" Na ce mako guda, ko biyu. Ya ce, "Bon. Mu tai."

Kafin mu tashi ya sa na koma ƙarƙashin tebur na cire gadar da na yi, na sa makunni babba guda: dama dijital, hagu tsohon tsari, rumfar Tsohuwa kuma a ware ta gaba ɗaya. Wannan karon na bi kowace waya da yatsa har ƙarshenta, yana tsaye a kaina. Ya rufe teburin da zannuwa, ya ba Maman Bake mabuɗi, ya ce mata mako biyu. Kayansa jaka ɗaya ce da kwalin takalmin da ya sa Tsohuwa a ciki.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Jami'in shinge ya gane ni, ya nuna mini fankarsa tana juyawa. A cikin jirgin ruwa Kawu ya rungume kwalin a ƙirji, yana kallon masunta suna jefa birgi, ya tambayi matuƙin ko ɗan wane gida ne. A Argungu Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa muka yi sallama. Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Yaya, ka tsuhwa." Ya ce, "Ke kau kin zan Innarmu sak." Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ido ja da kwanon fura. Ya gaya mata tun kafin ya zauna cewa gyara ya kawo, ba zama ba.

Naɗin ya ci mini kwana tara. Sau biyu wayar tana tsinkewa a tsakiya, in kwance in sake. Ran na tara na ɗora Tsohuwa a kan guntun dogon da muka zo da shi, na ba ta wutar batir, ta tafi sumul har ƙarshen benci. Na kira Inna in yi mata albishir. Sai ta ce, "Wa ya aike ka gaggawa?" Na sa Tsohuwa cikin aljihun tebur na kulle.

Yau wata biyu ke nan da mako ɗaya. Kawu yana zama da hantsi a zauren wani abokinsa na ƙuruciya da suka sake gano juna, yana cin kifi, ƙafarsa ta yi sauƙi. Duk Juma'a ina zuwa Argungu, duk Juma'a yana tambaya, ni kuma in ce waya ce ke ba ni wahala. Ba na son ƙarya, balle ga wanda na riga na yi wa ɓarna. Juma'ar da ta wuce na ɗauko Tsohuwa a jaka, na ce abin da zai faru ya faru. Bayan masallaci muna zaune a ƙofar gida, Inna na ciki muna jin muryarta tana faɗa da awaki, na jawo jakar na fara, "Kawu, game da Tsohuwa…"

Ya dubi jakar. Kwalin takalmin ya fito fili ta bakin zif, ba yadda za a yi bai gani ba. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya tura jakar baya ƙarƙashin benci.

Ya ce, "Wayar ga siririya ta, Umaru. Na san aikin. Kak ka yi mata gaggawa."

Na mayar da ita shago a motar yamma, tana nan cikin aljihun tebur.